Kunnen Aro

Idan ka daɗe kana rufa wa mutum asirin da bai roƙe ka ka rufa masa ba, ranar da ka janye hannunka, amana ka ci ko amana ka sauke? Na juya wannan tambaya har ta tsufa a bakina, ban samo mata amsa ba. Abin da na sani kawai shi ne yadda ta faɗo a kan wata ungozoma da ake kira Ƙarama.

Ba don ƙarancin shekaru ake ce mata haka ba, ai furfura ta fara leƙo mata ta gefen hular aiki. A ɗakin haihuwa na asibitin da take aiki, su biyu ne suka fi kowa daɗewa: ita da Inna, wadda ta koya mata sana'ar tun hannunta na rawa wurin yanke cibiya. Inna ce babba, ita kuwa sai ta zama Ƙarama, sunan ya bi ta.

Da girma ya fara kama ta sai ta koma makaranta. Digiri na biyu ta shiga a fannin kasuwanci, ɓangaren tafiyar da asibitoci, irin karatun da ake yi Asabar da Lahadi. Ta gaji da ganin mace na naƙuda a kan benci saboda wanda ke rabon gadaje bai taɓa jin warin ɗakin haihuwa ba. Ta ce bari ita ta hau benen nan na ofishin shugabanni ta zauna a kujerar.

Karatun bai bar ta da kowa ba. A asibiti abokan aiki suka sa mata suna Manaja. Idan ta shigo ɗakin hutu sai hira ta mutu, wata ta ce, "A gyara zama, hukuma ta iso," a yi dariya, ita ma ta yi yaƙe. A aji kuwa yawancinsu sa'annin ƙannenta ne, ma'aikatan banki da matasan likitoci, suna ce mata Anti, suna ba ta kujerar gaba, amma ba mai tunawa da ita idan za a fita cin abinci. Mijinta yana aiki a wani gari, sai ƙarshen wata. 'Ya'yanta suna makarantar kwana. Idan ta koma gida takan kunna rediyo don kawai a sami mai magana.

Inna ce kaɗai ba ta canza mata ba. Kullum bayan an miƙa aiki takan zuba shayi kofi biyu, ta tura mata ɗaya, ta ce, "To, 'yar boko, yau me suka koya miki? Yadda ake haihuwa a takarda?"

Sai dai Inna kunnenta yana tafiya, kuma Ƙarama ce kaɗai ta sani.

Akwai wani ɗan ƙaho na katako da ungozoma ke ɗorawa a kan cikin mai juna biyu, ta kara kunne ta ji bugun zuciyar jariri. Na Inna ya yi santsi saboda riƙo. Asibiti ya sayi na'ura mai fito da sautin fili, amma Inna ta ce ita ba ta aiki da rediyo. Tun bara Ƙarama ta lura cewa Inna na ɗora ƙahon, ta yi shiru, ta ɗago ta ce "Yana nan lafiya," alhali ba a wurin zuciyar take ba. Da hannu da ido take gane lafiyar ciki, kuma sau da yawa tana dacewa. Amma ba kullum ba.

Ƙarama ta rufa mata asiri. Sai ta riƙa bin bayanta. Inna na gama saurare, ita kuma ta zo da wani dalili, gyaran zanin gado ko gwajin jini, ta sake saurarawa. Ta daidaita ranakun aikinta da na Inna, in ban da ranakun karatu. Idan likita ya yi magana Inna ta ba shi baya, sai Ƙarama ta zagayo gabanta ta maimaita kamar tambaya take yi. Haka ta zama kunnen Inna, ba wanda ya nema, ba wanda ya gode.

Yanzu kuwa karatu ya zo ƙarshe. Sharaɗin kammalawa shi ne ɗalibi ya yi watanni yana koyon aiki a ofishin shugaban asibiti. Ranar Litinin Ƙarama za ta hau bene, Inna kuma za ta tsaya a kan mata masu naƙuda da kunnen da ba ya ji.

Asabar ɗin ƙarshe, malamin da ke koya musu sarrafa ma'aikata ya zo da darasin da ya kira magana mai nauyi. Wani siririn dattijo ne da ya taɓa riƙe asibitoci kafin ya koma koyarwa. Ya ce kowa ya sami abokin gwaji: ɗaya shugaba, ɗaya ma'aikacin da za a gaya wa ba zai iya ci gaba da aikinsa ba. Nan da nan aka rarrabu biyu-biyu. Ƙarama ta waiga hagu da dama, kowa ya sami nasa.

Malamin ya jawo kujera ya zauna a gabanta. "Ni ne naki. Na shekara talatin ina aiki a ƙarƙashin rufin nan, yanzu ƙarfina ya gaza. Kore ni."

Wani ma'aikacin banki daga baya ya ce, "Anti, ki yi a hankali, shi zai ba ki maki."

Aka yi dariya. Ƙarama ta dubi hannuwanta. Ta fara da gaisuwa, ta tambayi iyali, ta yabi shekarun da ya yi.

"Kin ga," in ji malamin, "har na fara zaton ƙarin girma za ki yi mini. Ki faɗa a farkon magana. Kuma ki dube ni. Wanda za a karɓe wa aiki yana da haƙƙin ya ga fuskar mai karɓewa."

"Malam, ba zan iya ba."

"Wasa ne fa muke yi."

"Shi ya sa. Ba zan dubi fuskar wanda ya girme ni in gaya masa ya ƙare ba, ko da wasa. Mutum ba darasi ba ne."

Malamin ya matso kusa da ita. Sai ya ce a hankali, yadda na baya ba za su ji ba, "Akwai wani, ko?"

Ta kawar da kai.

"To, ni ba zan tilasta miki ba. Amma kujerar da kike nema, rabin aikinta ke nan. Sauran rabin ma kowa zai iya." Ya tashi ya mayar da kujerarsa.

A motar haya, kan hanyar komawa, ta jera wa kanta hanyoyin da ke gabanta. Tana iya yin shiru ta hau bene, ta bar wa Allah. Sai ta tuna wata yarinya mai cikin fari, makon jiya da rana tsaka, tana kiran "Inna, Inna, jini," Inna kuwa na bakin famfo tana wanke almakashi, ta ba ta baya, har da ɗan waƙe-waƙenta. Da Ƙarama ba ta dawo ɗaukar abin da ta manta ba, da labarin ya sha bamban. Tana iya hawa bene ta raɗa wa shugaba, a aiko wa Inna da takarda, ita kuma ta zo ta taya ta mamaki. Wannan ta fi sauƙi, kuma ita ce ta fi ba ta ƙyama. Tana kuma iya fasa koyon aikin, ta bar digirin ya tafi, ta ci gaba da zama kunnen aro har ranar da zazzaɓi zai kwantar da ita, ko ɗanta ya kira daga makaranta. Da ta duba wannan da kyau sai ta ga ba Inna take tausaya wa ba. Kofin shayin nan take tsoron rasawa.

Ta isa gida, ba ta kunna rediyo ba. Ta zauna a bakin gado da takalmanta a ƙafa har hasken taga ya juya.

Lahadi da hantsi ta je asibiti, ko da yake ba ranar aikinta ba ce. Ɗakin haihuwa shiru, mace ɗaya ce kawai, ita ma da sauranta. Inna na ɗakin hutu ita kaɗai, ta miƙe ƙafa a kan kujera, tana shafa wa ƙahonta mai da ɗan tsumma.

"A'a, Manaja da kanta? Ko kin zo ƙirga mu ne kafin gobe?"

"Gaishe ki na zo yi, Inna."

"Gaisuwar Lahadi, da takalmin fita. To, madalla. Zauna, ruwan bai huce ba."

Ta zuba kofi biyu. Ta ba ta labarin wani miji da ya suma jiya a bakin ƙofa, sai da aka bar mai jego aka koma kansa da fifita. "Ƙato guda, in gaya miki, gemu har ƙirji. Na ce masa, kai da ka yi mai sauƙin ma ka faɗi?" Ta yi dariya har da tari. Ƙarama ta lura da yadda muryar Inna ta yi ƙarfi fiye da ɗakin, da yadda idanunta ba sa barin bakin mai magana.

Inna ba ta taɓa haihuwa ba. Rabin garin ta hannunta suka fito, amma ɗakin da take komawa babu kowa sai buta da tabarma da hoton mijinta da ya rasu. Duk wanda ya raba ta da ɗakin haihuwa, can ya mayar da ita.

Ƙarama ta ajiye kofin. Ta sunkuyar da kai, ta kafa ido a kan tayil ɗin daɓen ɗakin, ta fara magana ƙasa-ƙasa. Ta ce Inna ta san irin girman da take ba ta. Ta ce duk abin da ta iya a hannunta ta koya. Ta ce gobe za ta hau sama, kuma akwai abin da ya daɗe yana damunta.

Sai ta ji yatsu a haɓarta, masu ƙamshin man da ake shafa wa ƙaho.

"Ke 'yar nan, da ƙasa kike magana ko da ni?" in ji Inna. Babu wasa a muryar yanzu. "Kin fi kowa sanin in ban ga bakin mutum ba, bai yi magana ba."

Can ciki mai naƙudar ta yi wani ɗan nishi, Ƙarama ta ji, Inna ba ta ji ba.

"Tun yaushe kika san na sani?" in ji Ƙarama ƙasa-ƙasa.

"Me kika ce?"

Inna ta janye hannunta, ta ɗora shi a kan ƙahon da ke cinyarta, ta jira. Ba za ta taimaka mata ba. Ba ta taɓa karɓar almakashi daga hannun ɗaliba don hannun na rawa ba.

Ƙarama ta jawo kujerarta har gwiwoyinsu suka haɗu. Ta juya fuskarta wajen taga don haske ya sauka a kan leɓɓanta. Sannan ta ɗago kai ta dubi Inna ido cikin ido, ta buɗe baki sosai, kalma bayan kalma.

"Inna, kunnenki ya tafi. Ba za ki ƙara tsayawa a kan mai naƙuda ke kaɗai ba. Gobe da safe zan gaya wa shugaba, kuma ina so ki hau benen tare da ni."