Burodin Madam

Shekarar da Faransa ta rufe iyaka tsakaninta da ƙasar Ingilishi, saboda yaƙin da Turawa ke yi can garuruwansu, aka kama Maharazu yana tsallako iyakar a kudu da Magariya. Daga Kano yake, inda ya yi rani shida a jere yana gasa wa wani Balarabe burodi a Fagge. Sauri yake ya isa garinsu Guci ya yi sharar gona kafin ruwa ya sauka. Kumandan Faransa na Magariya bai ko ɗaga kai ba ya yanke masa wata uku a kaso.

Sati biyu ya yi yana ɗaukar marmara a aikin hanya, har tsakar kansa ta saɓule. Rannan da hantsi tafinta ya zo yana tambayar wanda ya san girkin Turawa, don kukun bariki ya gudu kudu. Maharazu ya tuna inuwa, ya ɗaga hannu.

Ya tarar matar kumandan, wadda kowa ke kira Madam, ta yi wata biyu ba ta ga burodi ba. Ya sa aka nemo alkamar fadama, mata suka niƙa, ya tankaɗe sau uku, ya gina tanderu a bayan madafa, ya ajiye ƙullu a tukunya har ya yi tsami. Ranar da ya fitar da na farko, Madam ta ɓalli gefe ta sansana, sai ga hawaye.

Shi kam bai ga abin kuka ba. Ya ga karin kumallo iri-iri. Balaraben Fagge gurasa yake tsomawa a man zaitun. Turawan Kano shayi suke sha da madara, su ƙona burodin da gangan, su shafa masa wani lemo mai ɗaci. Wannan kuwa baƙin kafe take zubawa a kwano mai faɗi kamar na miya, ta shafa man shanu da zuma, ta tsoma ta ci. Idan ta gama, gardi ya kora shi kaso ya sha ragowar kunun da ba ko tsamiya.

Wata uku suka cika ranar wata Laraba. Ya tari tafinta a bakin madafa.

"Ranka ya daɗe, yau kwanana suka cika."

"Takardarka tana biro, ofishin kumandan, ba a sa hannu ba."

"Yaushe za a sa?"

Tafinta ya dubi tanderun, ya yi gaba abinsa.

Ruwa ya sauka. Ran kasuwa Saratu matarsa ta taso tun daga Guci da ƙwaryar fura, gardi ya bar su suka tsaya ta bayan darni.

"Malam, kowa ya yi shuka. Ni da Kaka mahaifiyarka mun yi rabin gonar, ƙugunta ya hana ta sauran."

"Ku yi haƙuri, kwana kaɗan ne."

"Haka ka ce wancan zuwan."

Ya sha furar a tsaye, ya miƙa mata ƙwaryar ta saman darni.

Ya gwada ɓata aikin. Ya bari burodin ya ƙone, aka yi masa bulala goma, aka ce ƙullun gobe na jiransa. Sai ya sake dabara. Akwai wani ɗan kaso, Dogo, magidanci daga Dungas mai shekara biyu a kansa, wanda aikin hanya ya kusa kashewa. Maharazu ya roƙa aka ba shi shi mai hura wuta, ya koya masa komai, har yadda ake gane zafin tanderu da bayan hannu. Bayan wata guda ya bar Dogo ya gasa shi kaɗai, aka kai tebur.

Madam ta ci lomar farko ta ajiye. Ta aiko tafinta ya ce kada wani ya sake taɓa mata ƙullu.

Haka ya ga gero ya yi kai ta ramin darni, ya ga an girbe. Sai bayan wata tara aka ɗauke kumandan zuwa Damagaram. Ranar da motarsu ta tashi, tafinta ya jawo takardar daga aljihun tebur, da sa hannunta tun tuni, ya ce masa ya tafi. Dogo ya rako shi har bakin ƙofa, ya koma wajen tanderu.

Kwana ashirin ya yi a gida. Wata safiya yana gyaran igiyar akuya Saratu ta shigo da gudu, ta ce ga gardi mai jar hula a bakin rijiya yana tambayar gidan mai burodi. Ashe sabon kumandan ya ji labarinsa.

Maharazu ya haye rumbu, ya kwanta kan ɗan damman da suka samu, Saratu ta rufe bakin.

"Maigidan fa?" in ji gardin.

"Ya tafi kiwo, ban san ranar dawowarsa ba."

"To, ina jira."

Ya ɗaure dokinsa, ya zauna a inuwar rumbun. Maharazu yana jin numfashinsa ta cikin zana. Ƙaiƙayi ya shige masa riga, tari ya taso masa, ya cusa hannun riga a baki. Rana ta take, rumbun ya yi zafi, gardin ya yi azahar a wurin, ya yi la'asar. Da zai hau doki ya ce jibi zai dawo, in bai same shi ba da mai gari zai tafi a madadinsa.

Maharazu ya sauko. Kaka, mahaifiyarsa, ta ce su tsallaka iyaka zuwa Ɓaɓura wajen kawunnan Saratu. Ya dubi ƙugunta, ya tuna mai gari da furfurarsa. Washegari ya gyara musu jinkar ɗaki, ya sare musu itace mai yawa. Da jibin ta zo, gardin ya same shi zaune a ƙofar gida da jakarsa a ɗaure.