Gadon da Aka Yanke wa Hannuwa

"Mayar da hoton nan baya," in ji tsoho Kafinta, ya damƙe hannun Mai Ɗinki da wani ƙarfin da ba ta san ya rage masa ba.

Shayi ta kawo masa, kamar yadda ta saba tun da ciwo ya kwantar da shi. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, kuma ba shi da kowa sai wani jika a nesa, wanda bai iya komai ba sai alkawarin zuwa. Don ta ɗebe masa kewa take nuna masa hotunan 'yarta Auta a waya. Ga Auta a sabon wurin aikinta, gidan tarihi, cikinta ya fito sosai, tana zaune a bakin wani dogon gadon katako baƙi wuluk, tana dariya.

"Gadon wani attajirin zamanin da ne, Baba, har igiya aka kewaye shi da ita. Amma ka san Auta da rashin ji. Da rana ta take, baƙi suka ɗauke ƙafa, sai ta haye ta miƙe bayanta. Wai babu inda barci ya fi mata daɗi."

Tsohon ya kawo wayar daf da idonsa. Ɗakin ya yi tsit, sai warin man zafi da kukan numfashinsa.

"'Yar nan, wannan ba gado ba ne. Makara ce."

"Haba Baba! Ana zaune ƙalau za ka tsinka mini zuciya?"

"Mahaifina ne ya sassaƙa ta, shekarar da amai da gudawa ya shigo unguwar nan. Ina yaro, ni na riƙe masa katakon. A kanta aka fitar da uwata da safe, kafin la'asar aka dawo aka ɗauki ƙanena."

Mai Ɗinki ba mace ce mai camfi ba, ita ce ma mai yi wa masu camfi dariya a gidan biki. Amma ta ji tsoro.

A hankali ya ba ta sauran labarin, yana yi yana hutawa. Da annoba ta wuce, ba wanda ke son ganin abin. Aka yanke hannuwansa huɗu don ya shiga rumfar ajiya, aka rufe. Bayan shekaru, ma'aikatan gidan tarihi suka zo neman tsofaffin kaya, suka tambayi sunansa. Dattawan unguwa kuwa kowa ya sunkuyar da kai, don babu mai son ambaton wannan suna a gaban baƙi. Wani ya ce gado ne, saura suka gyaɗa kai, suna murna an raba su da shi.

"Duk sun tafi, saura ni," in ji shi. "Katakon nan bai san mai rai ba. Ki ce mata ta…"

Ta matso da kunnenta. Bai ƙarasa ba. Yatsunsa suka saki hannunta ɗaya bayan ɗaya.

Ta yi salati, ta rufe masa ido, ta leƙa waje ta kira maƙwabta. Suna shigowa tana buga wa Auta waya. Tana ta ringin, ba a ɗauka ba. Ta sake, haka. Ta bar matan maƙwabta suna share tsakar gida, ta tare babur ko takalmin kirki ba ta sa ba.

Mai gadin gidan tarihi na gyangyaɗi a kujerarsa, bai ma ga wucewarta ba. Ta bi ta cikin tukwane da takubba a akwatunan gilashi, har ɗakin ƙarshe, mai sanyi da ƙaramar taga. A kusurwar gadon ta ga sawun zarto, an shafe shi da fenti.

Auta na kwance a miƙe, hannuwa a gefe. Saboda ƙuda ta ja farin mayafinta tun daga yatsun ƙafa har saman kai, tudun cikin kawai ya ɗaga shi. Wayarta na ƙasa kusa da takalmanta.

Mai Ɗinki ta matsa kusa da gadon. Ta riƙe igiyar da hannu biyu, ta kafa wa mayafin ido daidai wurin hanci, tana jira ya motsa.