Maganin Sanƙon Abu Ramiz

Maganin sanƙo ya dawo wa Abu Ramiz da gashinsa, amma ya rage masa ƙarfi a shimfiɗar aure. Sai ya je wurin likitan unguwarsu a birnin Tanta na ƙasar Masar, bai gaya wa matarsa Nawal ba.

Ya ce, "Likita, rufin gida ya gyaru, ginshiƙi kuma ya kwanta. Dole in zaɓi ɗaya?"

Likita ya saurari zuciyarsa, ya tabbatar ba ya shan maganin ciwon ƙirji, sannan ya rubuta masa na ƙarfin maza.

"Haɗa biyun, Hajji. Gidanka zai ɗauka."

Ran wata Juma'a, Nawal ta miƙa wa mijinta farantin kek ɗin basbusa mai ɗumi, tana murmushi.

"Kai wa likitan naka, tsoho. Ka ce masa ba don gashin ba ne."