Riɗin da Ya Kama Bakinsa

Duk wanda ya san Mai Riɗi ya san ko tari ba ya yi kusa da riɗin da ya bushe. Shekara da shekaru yana nomansa, kuma riɗi ya koya masa ladabi. Kwanso na bushewa sai ya tsage baki, iska na taɓa shi ƙwaya ta watse ƙasa, ta zama rabon tururuwa. Shi ya sa ake yanke shi tun da sauran ɗanyensa.

Ranar da 'yarsa Auta ta gayyace shi wurin aikinta, wata cibiyar binciken iri, sai ya saka rigarsa ta fita kunya, ya ja Tela maƙwabcinsa wanda ya ɗinka ta. Telan nan ne kullum yake masa tsiya, wai ya kai yarinya makaranta ta karanto ciyawa. To yau ya zo ya gani da idonsa.

Aka bi da su ta wani dogon baranda har filin gwaji a bayan ginin, inda baƙi suke tsaye da shugaban wurin. Mai Riɗi na ɗaga ido ya tsaya cak. Riɗi ne layi-layi a tsaye, ya bushe ƙayau, ba a yanke ba. Ga iska tana tasowa. Shi ke nan, yau Auta za ta sha kunya a gaban shugabanta, kuma a gaban Tela!

Bai tsaya shawara ba. Ya tuɓe rigar, ya shiga da sanɗa, ya shimfiɗa ta ƙarƙashin layin farko, ko ya tare mata ɗan abin da zai zuba.

"Baba, me kake yi?" in ji Auta.

"Rage murya," ya ce da raɗa. "Ke da kika tashi a gidana, ki bar riɗi ya kai haka?"

Ta yi dariya, amma idonta ya ciko. "Girgiza shi, Baba."

Ya ƙi. Ita ta kama karan ta jijjiga shi da ƙarfi, har tsohon ya runtse ido. Da ya buɗe, rigar tana nan fes.

"Sabon iri ne na fitar," ta ce. "Ba ya buɗe baki sai an sussuke shi. Tun ina ƙarama nake ganinka a durƙushe kana tsintar ƙwaya cikin ƙasa."

Mai Riɗi ya kama karan da kansa, ya girgiza, ya sake girgizawa kamar mai rama gayya. Daɗi ya cika shi har ya manta daga shi sai singileti a gaban baƙi. Ya ɗauko rigar ya miƙa wa Tela.

"Duba ɗinkinka da kyau. Ka ga ƙwaya?"

"Ko ɗaya," in ji Tela.

"To ciyawar da ta karanto ke nan. Ni na haife ta."