Jar Fitilar da Ta Hana Ni Banɗaki

Ina bin mijina Clarrie bashin taku dubu goma sha huɗu da ɗari huɗu. Ba kuɗi ba, taku na ƙafa. Ni Glenys ban wuce aji biyar ba aka cire ni na tafi dafa wa masu askin tumaki abinci, amma lissafi ko daga barci aka tashe ni ba na kuskure. 'Ya'ya bakwai na raina, har yau na san wanda bai dawo mini da tukunya ba.

Abin ya faru ne a wani masaukin matafiya kusa da garin Winton, inda muka kafa motarmu ta kwana. Motar tana da gado da murhu da ɗan banɗaki, ƙarƙashinsa kuma akwai tankin da ƙazanta ke taruwa. A jikin bango akwai fitilu huɗu. Koriya ta ƙasa, tanki babu komai. Ja ta sama, ya cika.

Ranar wata Talata ja ta kama. Clarrie ya ja mota zuwa ramin juye ƙazanta, ya juye tas, ya dawo. Ja tana nan.

"Shi ke nan," in ji shi, ya rufe banɗakin ya jefa makulli a aljihu. "Ba mai shiga sai an gyara."

"Kai tsoho, yanzu fa ka juye shi. Bokiti goma sha ɗaya yake ci, na sani."

"Glen, na'ura ba ta ƙarya."

"Ni nake yi ke nan?"

"Ban ce ba. Amma ke ba ki da waya a jiki."

Tun da ya taɓa ganin tankin wani ya yi ambaliya a kan kafet, Clarrie ya fi tsoron jar fitila a kan mutuwa. To banɗakin jama'a taku ɗari da sittin ne daga ƙofarmu, dawowa ma haka. Sau biyar a rana, da gwiwar nan tawa da likita ya ce a lallaɓa ta. Ga wani koren kwaɗo da ya mai da masan gidan ubansa, kullum sai na roƙe shi ya matsa. Shi kuwa Clarrie kowace azahar sai ya buɗe namu ya shige da tocila, ya ja ƙofa, wai yana bincike.

Ƙarfe huɗu kowa ke fito da kujerarsa a yi da'ira, a sha giya mai sanyi, a gyara duniya. Nan maganar ta faɗa hannun Merv, maƙwabcinmu, tsohon manomin rake wanda ba a taɓa yi masa tambaya ya ce bai sani ba.

"Ƙanƙara, abokina," in ji Merv. "Ka zuba ƙanƙara cikin masan, ka hau hanya mai gargada. Ita za ta kankare cikin tankin fes."

Matarsa Dulcie ta ce, "Haka ka yi wa namu, har yau da sanda muke aunawa."

"Ke Dulce, wannan tankin daban ne."

Washegari Clarrie da Merv suka saye ƙanƙarar shagon masaukin kaf, suka ƙara da ta cikin kular Merv. Muka hau hanyar da ko shanu ba sa son ta. Awa ɗaya muna tsalle. Kofuna biyu suka fashe, haƙoran robana na riƙe su a hannu. Rana kuwa irin wadda ke soya ƙwai a kan mota, na tabbata kafin mu fita ƙofar masaukin ƙanƙarar ta zama ruwa. Muka dawo, ja tana nan daram. Da yamma maza goma sha biyu suka sha giya mai ɗumi kamar shayi, ba wanda ya yi wa Clarrie magana.

Bayan nan wani ya ce sabulun wanke-wanke. Clarrie bai san kaɗan ba, ya juye kwalba uku, muka sake hawa gargada. Muna dawowa Dulcie ta tare mu tana riƙe da ciki don dariya.

"Glenys, motarki ta yi furfura!"

Kumfa ce ke fita ta bututun iska na saman rufi, tana gangarowa ta taga. Ja dai tana nan.

Rana ta takwas Clarrie ya ce zai aika garin Longreach a kawo sababbin ma'aunan tankin, sati biyu kacal. Na buga a kaina: sati biyu, taku dubu ashirin da biyu da ɗari huɗu. Gwiwata ta riga ta zama kamar kabewa.

Na juya wurin Merv. "Kai masani, faɗa mini da bakin mutane. Yaya abin nan yake sanin ya cika?"

"Sauƙi ne, Glen. Ƙusoshi ne a jikin tankin, ɗaya bisa ɗaya. In ruwa ya haɗa na ƙasa da na sama, wuta ta bi, fitila ta kama."

"In wani abu ya maƙale a kansu fa?"

"Sai ta ɗauka ruwa ne."

"Ashe datti ne. Kwana takwas kuna gyaran wuta, alhali wanki ne. Clarrie, gobe da safe makulli."

"Glen, wannan aikin maza..."

"Na wanke tukunyar mutum arba'in da tokar murhu kana yawo ba wando. Makulli."

Da hantsi muka kai mota bakin ramin. Merv ya ara mana wata gwiwar bututu mai garai-garai wadda ake ganin duk abin da ke wucewa ta ciki, aka haɗa ta da bututun juyewa. Ni na shiga da tiyo, na lanƙwasa bakinsa da wayar rataye riga, na zura ta masai ina juyawa ina wanke bango ta ko'ina. Maza suka jawo kujeru suka kewaye gwiwar nan kamar masu kallon wasan kurket a talabijin. Na bar taga a buɗe ina jin su.

"Ga kumfarka nan, Clarrie."

"Ƙara wuta, Glen!"

Sai muryar Dulcie: "Kai! Zinariya!"

Na leƙo. Wasu abubuwa ne ke wucewa suna ƙyalƙyali, wani ruwan zinariya, wani ruwan azurfa, wani shuɗi.

"Abokina," in ji Merv, "me kake ci ne haka? Mu haƙa ka mu yi arziki."

Dulcie ta sa tabarau ta durƙusa. "Takardar naɗe cakulan ce, mai ƙarfe-ƙarfen nan. Goma sha ɗaya. Sha biyu. Ci gaba, Glenys, ina ƙirgawa!"

Merv ya bugi cinya. "Wannan takardar ai wuta na bin ta fiye da ruwa! Ni dama na yi zargin haka."

Clarrie yana da ciwon suga. Shekara uku ke nan da likita ya raba shi da zaƙi, ni kuma nake caje aljihunsa da kwandon shara kowace safiya. Wuri ɗaya ne bai taɓa zuwa mini a rai ba. Dulcie ta tsaya a sittin da uku.

Na neme shi, yana bayan mota yana duba taya da babu abin da ya same ta.

"Binciken azahar ke nan?"

"Glen, ƙanana ne fa. Wasu ma masu gyaɗa ne, gyaɗa kuwa abinci ce."

Na danna maɓallin fitilun a gaban kowa. Koriya. Maza suka tafa, na ɗaga makullin na jefa cikin rigata.

"Kwana tara, sau biyar, taku ɗari uku da ashirin. Sai ka taka su duka zuwa banɗakin jama'a kafin ka sake ganin cikin wannan. Ka gai da kwaɗon."

Tsohon nan akwai wayo. Ya kama shan shayi ba suga, buta bayan buta, don ya riƙa zuwa da yawa. Cikin kwana biyu ya yi sawu goma sha biyar, ya biya dubu huɗu da ɗari takwas, har yana fito a hanya.

Rana ta uku muka tashi zuwa garin Hughenden. A ofishin sabon masaukin ya riga ni magana.

"'Yata, ki ba mu can ƙarshe, nesa da banɗaki. Mu masu son shiru ne."

Na miƙa wa matar ofishin kuɗin na ce ta ba mu wanda ke manne da banɗakin, saboda gwiwar mijina. Na auna da kaina: taku goma sha biyu zuwa, goma sha biyu dawowa. Saura dubu tara da ɗari shida, wato sawu ɗari huɗu.

"Glen, wannan ai sai Kirsimeti."

"In ka rage shayi, har Ista."

Ya tsaya yana motsa baki yana lissafi, lissafin bai fita ba. Can ya ɗauki buta ya tafi ɗebo ruwa.