Ninkin Kafaɗar Koharu

Ni dai ban ga laifin abin da na faɗa ba. 'Yata Koharu ta gwada kimono, rigarmu ta gargajiya, wadda uwarta ta saka a bikin 'yan shekara bakwai, hannun rigar ya sauka daidai wuyan hannunta, na ce, "Kai, ya yi mata cif! Ba sai an taɓa shi ba."

Surukata Fusae ta ajiye kofin shayinta, ta dube ni kamar na taka tabarma da takalmi.

"Tsutomu, bakinka ya sari ɗanyen kashi. Cif? Yarinya 'yar bakwai?"

Sai a lokacin na tuna. Rigar yaro ba a barinta haka, dole a yi mata ninki a kafaɗa a ɗinke, alamar akwai sauran girma a gaba. Wanda ya gama girma shi ke saka riga ba ninki. To Koharu ta kwaso dogayen hannuwana, babu rarar yadin da za a ninke. Uwarta Mitsue kuwa ƙarama ce, kuma bara waccan muka rasa ta tana da shekara talatin da huɗu.

"A aro mata wata," in ji Fusae. "Babba, mai wadatar yadi."

"Ni ta Mamana zan saka," in ji Koharu, ta ƙanƙame hannun rigar.

"Ke, zaƙwaƙura! Wa ya tambaye ki?"

"Kaka, in ba ita ba, ba inda za ni."

Taurin kan nan iri ɗaya ne, kuma ba daga wajena aka gada ba. Kwana da kwanaki gidan ya yi tsit. Koharu ta ƙi cin wainar shinkafar kakarta, wadda a da har faɗa muke a kanta. Ni kuma haushi ya ishe ni. Yarinya tana son ƙanshin uwarta a jikinta, tsohuwa ta tsaya kan wani ɗinki da bai kai faɗin yatsa ba! Na je ɗakin Fusae da niyyar in faɗa mata haka.

Na same ta zaune gaban taga, rigar a cinyarta, tana shafa kafaɗar da tafin hannu. Na fasa maganar. Tausayinta ya kama ni, don na manta cewa ni mata na rasa, ita kuwa 'ya.

"Mama," na ce, "in aka ninke kaɗan fa?"

"Hannun zai ɗage. Mutane za su ce mun sa wa yarinya rigar da ta yi mata kaɗan."

"Su ce mana."

Ta miƙo mini allura. "Zura min zare, idona ya ƙi. Da wannan hannun naka kamar na mai noman kabewa."

Ranar bikin akwai sanyi. Muka hau matakalar wurin ibadar unguwarmu, Koharu a gaba tana ƙwas-ƙwas da takalmin katako, siririn ninki a kowace kafaɗa, wuyan hannunta duk a waje har ya yi ja. Ko a jikinta. Sai kaɗa dogayen hannuwan rigar take tana waigen kakarta.

A bakin ƙofa muka haɗu da matar Kuramoto mai shagon tsami-tsamin kayan lambu, wadda ba ta iya ganin abu ta haɗiye.

"Ayya, Fusae, ba ta Mitsue ba ce wannan? Ai ta yi wa yarinyar kaɗan."

Na buɗe baki zan ba ta amsar da za ta ishe ta, surukata ta riga ni. Ta kama hannun Koharu mai sanyi, ta rufe shi cikin nata biyu.

"Ƙwarai ta yi mata kaɗan," ta ce. "Ta wuce uwarta a tsawo. A shekaru ma sai ta wuce ta."