Zare a Tsinken Ashana

Tela mutum ne da ba ya iya ganin ɓaraka ya wuce. Lokacin yana da shago, in ka je gaishe shi da maɓalli yana lilo a rigarka, sai ka tuɓe ta kafin ya amsa gaisuwar. Ido ya yi rauni, ya rufe shago ya dawo da keken ɗinkinsa gida, amma hali zanen dutse ne. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ita ce mai farke masa ɗinki. In ya karkace hannun riga, sai ta zauna ta zare zaren a hankali ba tare da ta tsinka shi ba, ta nannaɗe a tsinken ashana ta ajiye masa a kan keken. Shekara da shekaru yana yi mata tsiya kan wannan tsumulmular, ita kuma tana cewa zare bai yi laifi ba, mai ɗinkin ne.

A lokacin kaka matar ta rasu, ta bar masa 'yan kajinta a bayan gida. A gadon asibiti, magana da ƙyar, ba ta yi masa zancen gida ko kaya ba sai na kaji.

"Baban Auta, ka fitar mini da su hunturun nan," in ji ta. "Kuma kar ka toshe tagar sama."

Ya ce to. Rabin farko ya riƙe shi amana. Na biyun kuwa ya ɗauka zafin ciwo ne.

A ƙasar da suke zaune hunturu da dusar ƙanƙara yake zuwa. Sanyin ya zo da wuri, ya zo da fushi. Kullum da safe ruwan kaskon kajin ya daskare, sai ya fasa shi da gindin almakashi ya ƙara na ɗumi daga buta. Ɗakin kajin na katako ne, sai an sunkuya ake shiga. A ciki akwai sandar da suke kwana a kai, da wani kifaffen bokiti da marigayiya ke zama tana dama musu dusa, sai 'yar taga can kusa da rufi, faɗin tafin hannu biyu. Tela ya ɗaga kai ya ga dusar ƙanƙara tana leƙowa ta nan, ransa ya ɓaci. Ya tattaro tsofaffin barguna da ƙyallayen da suka rage daga shago, ya ɗinka wa ɗakin riga sukutum, ya bi tagar da basilla ya rufe ta ruf. Ya ja baya yana kallo, har da murmushi.

Da safe ya tarar bargon da ke kan tagar yana reto. Ya ce iska ce. Ya sake ɗinkewa, wannan karon da zare riɓi biyu, irin ɗinkin da ko mahaukaci ya ja sai dai ƙyallen ya yage.

Washegari tagar a buɗe. Bai ga yaga ba, bai ga guntun zare ba, sai hudojin basilla a jere, tsaf. A kan katakon da ke ƙasan tagar akwai tsinken ashana, an nannaɗe shi da zare. Ya juya ya dubi tsakar gida. Ƙanƙara ta kwanta fara fat daga ƙofa har katanga, kuma sawun da ke kanta nasa ne kaɗai. Da ya sunkuya ya shiga, kajin ba su ruga wajensa ba kamar kullum. Sun kewaye bokitin nan, kawunansu a sama, suna jira. Komai a ɗakin ya yi farin sanyi, ban da saman bokitin. Ya kai hannu ya taɓa, ya ji ɗumi. Ya fita da baya da baya.

Da rana 'yarsa Auta ta kira shi a waya daga garin da take aure. Bai gaya mata zancen tsinken ba, don ya san kafin ya rufe baki za ta zo ta kwashe shi da kayansa. Ya dai ce taga ta ƙi zama a rufe.

"Haba Baba! Ai Inna ta sha faɗa. Numfashinsu ne ke cutar da su, ba sanyi ba. In tururin bai sami hanyar fita ba, sai ya sauko musu a ka ya daskare."

"Ke da uwarki duk kanwar ja ce," ya ce. "Tun kafin a haife ki nake rufa wa mutane jiki. Yau kaza za ta gagare ni?"

"Baba, ka dai bari."

Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho. Ya samo katako da ƙusoshi ya buge tagar. A ransa yana cewa, to, a zo a zare wannan.

Ba a zare ba. Amma kowace safiya sai ya ga ƙananan karce kewaye da kawunan ƙusoshin, kamar an kwana ana gwada su da farce. Cikin ɗakin kuma ya soma gumi. Bango na ɗiga, ciyawar ƙasa ta jiƙe, warin kashin kaji na yaji a ido. Zankon zakaran ya yi baƙi daga tsini, kajin suka fara tari. Ran nan ya tarar da Fingi, kazar da marigayiya ta fi so, a ƙarƙashin sanda ta sandare. Ya ɗauke ta a tafin hannu, ba nauyi, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Sai dai taurin kai ba ya mutuwa rana ɗaya. Tela ya yanke cewa har yanzu sanyi ne ke samun hanya. Bayan azahar ya kwashe sauran kajin a kwando ya kai ɗakinsa. Ya tura ƙyalle ƙarƙashin ƙofa, ya ɗinke bargo a jikin labulen taga har ƙasa, ya hura gawayi a kasko ya ajiye a tsakar ɗaki. Ya zauna a kujera yana kallon su suna ɗumama, ya ce yau dai ya cika alkawari.

Hayaƙin gawayin ya rasa hanyar fita, kansa ya fara sara. Ya ga zakaran ya kwanta a gefe ɗaya, kajin suna buɗe baki ba sauti. Ya yi niyyar tashi, ƙafafun suka ce ba su san zancen ba. Ɗakin ya yi nisa. A nan ne ya ji ƙanshin man zafin da marigayiya take shafawa a gwiwa, kuma a bayansa, wajen taga, ya ji ana zare zare. Ya san sautin kamar yadda ya san tarinsa. Sai dai bai taɓa jin sa da sauri haka ba.

Bargon ya faɗi. Tagar ta bugu da bango, iska ta shigo kamar mari. Ya zame daga kujera ya ja ciki har bakin tagar, yana shaƙa yana amai. Can zakaran ya yi wani shaƙaƙƙen tari ya miƙe, kajin suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Da idonsa ya washe, ya ga tsinken ashana a kan keken ɗinki. Zaren a cukurkuɗe yake, an tsittsinka shi wuri-wuri. Tun da ya aure ta bai taɓa ganin ta tsinka zare ba.

"Na ji," ya ce wa ɗakin. "Wallahi na ji."

Kafin magariba ya ɓanɓare katakon da ya buga a tagar kajin, ya kwashe jiƙaƙƙiyar ciyawa ya zuba busasshiya, ya shafa wa zakaran man baselin a zanko. Kajin suka fita hunturun, har ƙwai suka soma yi masa tun ƙanƙara ba ta gama narkewa ba.

Amma tun daga ranar saman bokitin yake yin farin sanyi kamar komai, kajin kuma wajensa suke rugowa. Wata rana da yamma ya ɗauki tsohuwar riga ya karkace mata hannu da gangan, ya ajiye a kan keke, ya sa kwalin ashana a gefe. Da safe ya tarar da ɗinkin yadda ya bar shi.